Yadda za ka fahimci kalmar "sosiego" ta Sifaniyanci ka kuma ajiye ta a muhallinta

Mafi yawan samarin da nake koya wa Sifaniyanci da yamma a zauren gidanmu, kusa da Ƙofar Soro a birnin Katsina, ƙwallon ƙafa ne ya jawo su. Sun daɗe suna kallon Real Madrid da Barcelona a gidajen kallo har kunnensu ya saba da amon harshen, sai suka so su san abin da 'yan wasa ke faɗa idan an tare su da tambaya bayan an tashi wasa. Akwai kuma biyu da ke neman gurbin karatu a Sifaniya, da wani ɗan kasuwa mai hulɗa da mutanen Malabo ta ƙasar Ikwatoriyal Gini, inda Sifaniyanci yake harshen gwamnati. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya zo da jimlar da ya kwafo daga shafin labarin wasanni, "el entrenador pidió sosiego", ya fassara ta da cewa koci ya nemi a yi shiru. Na ce masa, "Ɗana, kocin nan bai hana kowa magana ba." Ya ce, "To Malam, me ya nema?" Amsar wannan tambaya ce nake son in shimfiɗa a nan, domin kalmar tana cikin waɗanda ɗalibi Bahaushe zai iya riƙewa fiye da ɗaliban wasu ƙasashe, muddin aka nuna masa ta ƙofar da ta dace.

Ka fara da gyara furuci, domin kalmar da bakinka bai iya ba, ba za ta zauna a kanka ba. Gaɓoɓinta uku ne, so da sie da go, kuma nauyin murya yana faɗawa ne a kan ta tsakiya. Harshen Bahaushe yana son ya raba gaɓar tsakiyar gida biyu ya ce "si-ye", to ka matse ta ta fito a bugu ɗaya, kamar "sye". Kada ka ja wasalin ƙarshe. Harafin g kuwa, idan ya faɗo tsakanin wasula biyu, Sifaniyawa suna sassauta shi, doron harshe ya kusanci bayan rufin baki ba tare da ya manne ba. Wanda ya yi karatun allo zai ji kamar ƙanin harafin gainun ne na Larabci, amma mai laushi ƙwarai, babu kurkurar maƙogwaro a cikinsa. Kalmar suna ce, jinsin namiji, don haka "el sosiego" ake cewa, kuma da wuya ka ci karo da jam'inta.

Bayan furuci sai asali, kuma a nan nake son ka daɗe, domin duk sauran bayanin daga nan ya tsiro. Cibiyar kula da harshen Sifaniyanci da ke Madrid, wadda aka kafa a 1713, tana da ƙamus da kowa zai iya buɗewa kyauta a intanet, kuma ya bayyana "sosiego" da kalmomi uku, quietud da tranquilidad da serenidad. Sunan ya fito ne daga aikatau "sosegar", wanda masana suka bi sawunsa zuwa kalmar Latin "sedere", ma'ana zama. Wato a can ƙasan kalmar akwai hoton abin da yake tsaye ko yake kai da komo, sannan ya samu wuri ya zauna. Ka duba yadda muke magana a Hausa, za ka ga hoton nan ba baƙo ba ne. Mukan ce hankali ya tashi, mukan ce hankali ya kwanta, kamar dai hankali wani mai rai ne da ke miƙewa tsaye idan an tsorata shi. Mu mun kwantar da shi, su sun zaunar da shi, amma tunanin ɗaya ne. Abin da bai taɓa tashi ba kuwa ba a cewa ya kwanta.

Saboda haka ne nake ba ɗalibaina wani ma'auni, wanda nawa ne na koyarwa, kuma yana fitar da su a mafi yawan lokuta. Kafin ka sa "sosiego" a jimla, ka tambayi kanka ko akwai wata hayaniya, ko damuwa, ko gaggawa da ta gabata, ko wadda take kewaye da wurin ana gudunta. Ka tuna ruwan tafki da aka ɗebo da damina aka juye a randa. Da farko ja ne jawur, ba ya shawuwa, amma idan aka bar shi ya kwana sai laka ta koma ƙasa, saman ya yi garau. Ko kuma ka tuna Filin Kangiwa ranar hawan Sallah, bayan mahaya sun gama jahi a gaban fada, an kai dawaki gida, jama'a sun watse, ƙurar da kofato ya tayar ta sauko a hankali har ana iya hango ƙofar gidan Sarki daga nesa. Wannan yanayin da ke biyo baya, na lafawar ƙura da komawar numfashi daidai, shi ne Basifaniye zai kira "sosiego". Kocin da ɗalibina ya karanta labarinsa, ƙungiyarsa ta sha kashi ne, magoya baya sun harzuƙa, shi kuma yana roƙon a kwantar da hankali a bar gaggawar yanke hukunci.

Akwai wani zato da ɗalibai masu ilimin Larabci kan yi, wanda ya kamata in kawar. Sun san Musulmi sun yi mulki a sassan Andalus daga 711 zuwa 1492, sun kuma san Sifaniyanci cike yake da kalmomin Larabci irin su "aceite", wato mai, daga azzait, da "azúcar", wato sukari. Sai su ɗauka "sosiego" ma daga sakina ko sukun ta fito. Ba daga nan take ba, jininta na Latin ne. Amma ta fuskar ma'ana, karatun zaure zai taimake ka ƙwarai. A babin sallah malamai suna koyar da ɗuma'nina, suna fassara ta da natsuwa, wato idan ka yi ruku'u ko ka ɗago, ka dakata har kowace gaɓa ta koma mazauninta kafin ka wuce gaba. Wanda ya fahimci bambancin mai sallah da natsuwa da mai yin caccakar kaza ya riga ya fahimci rabin wannan kalma.

Mataki na gaba shi ne ka raba ta da 'yan'uwanta, domin a nan ne fassarar waya take yawan kifar da mutane. "Silencio" shiru ne kawai, rashin sauti, abin da malami ke nema a aji. "Paz" zaman lafiya ne, kishiyar yaƙi da husuma. "Calma" tana yawan tafiya da teku da iska, ana kuma cewa "con calma" a inda za mu ce a hankali, kada a yi garaje. "Tranquilidad" da sifarta "tranquilo" su ne na yau da kullum, waɗanda za ka ji a bakin direba da mai shago da ɗan wasa. Waɗannan ba su da wahala sosai.

Wadda take da wahala ita ce "quietud", wadda ake furtawa kusan "kyetud", domin harafin u da ke bayan q ba a karanta shi, d ɗin ƙarshe kuma yana fita a raunane. Ita jinsin mace ce, "la quietud", kuma ainihin ma'anarta rashin motsi ne, abin da ido zai iya gani. Idan ka je madatsar ruwa ta Ajiwa da sassafe, kafin iska ta taso, ka ga ruwan shimfiɗe kamar faranti, to "la quietud del agua" ce ka gani. Idan yaro ya dami uwarsa da tsalle-tsalle, za ta daka masa tsawa ta ce "¡estate quieto!", daidai da yadda tamu uwar za ta ce zauna wuri ɗaya. Yanzu ka kwatanta wasu mutane biyu da duk mun san irinsu. Ta farko uwa ce da ɗanta ya kama hanya da yamma daga wani ƙauye zai shigo gari, a irin wannan zamani da hanyoyinmu suka zama abin fargaba, magariba ta yi, isha ta wuce, wayarsa ba ta shiga. Tana zaune a kan tabarma ba ta motsi, ba ta magana, carbi a hannu. Basifaniye zai ce tana "quieta", tana kuma "en silencio", amma "no tiene sosiego", domin cikinta babu abin da ya kwanta. Na biyu tsoho ne mai ɗinkin babbar riga a bakin zaurensa, allura tana shiga tana fita, yara suna wasa a gabansa, yana amsa gaisuwar masu wucewa. Jikinsa yana motsi, wurin ba shiru, amma yana aikinsa "con sosiego". Idan ka riƙe waɗannan mutane biyu a zuciyarka, ba za ka ƙara cakuɗa kalmomin ba. Ya kamata dai ka sani cewa marubuta kan ari "quietud" su kai ta ga zuciya, su kuma ari "sosiego" su siffanta wuri, kamar ƙauyen da mutum ya gudo daga hayaniyar birni ya fake a cikinsa, don haka iyakar da ke tsakaninsu ba katanga ba ce, shinge ne da ake iya tsallakewa idan an san dalili.

Daga nan sai ka haddace kalmar tare da abokan tafiyarta, domin kalma ita kaɗai ba ta gina jimla. Ana neman ta, "buscar sosiego", ana samun ta, "encontrar sosiego", ana rasa ta, "perder el sosiego", ana kuma maido da ita, "recobrar el sosiego". Ana cewa "un momento de sosiego" ga ɗan lokacin da mutum ya samu ya sarara, kamar tsakanin azahar da la'asar a kasuwa lokacin da masu saye suka ja baya. Ana yawan haɗa ta da zaman lafiya a ce "paz y sosiego". Wadda za ka fi buƙata ita ce "con sosiego", misali "hablemos con sosiego", wato mu yi magana cikin natsuwa, ko "hay que pensarlo con sosiego", wato lamarin yana son a yi masa tunani a tsanake. Ka lura da cewa a cikin waɗannan biyun ba a sa "el" a gabanta, kamar yadda ba a sa shi a "sin sosiego", wanda Hausarsa mafi kusa ita ce babu sukuni.

Aikatau ɗin yana da ɗan tarko, kuma gara ka san shi tun yanzu. A "sosegar", wasalin e na tsakiya yana rikiɗa ya zama ie duk lokacin da nauyin murya ya faɗa a kansa, ya kuma koma e idan nauyin ya matsa gaba. Shi ya sa ake cewa sosiego, sosiegas, sosiega, sosiegan, amma sosegamos da sosegáis. Za ka ga cewa "yo sosiego", ina kwantarwa, rubutunsa ɗaya ne da sunan, abin da ya zo gabansa ne kawai zai nuna maka wanne ake nufi. A shuɗaɗɗen lokaci kuma, idan kai ne ka yi aikin, sai a ƙara u a rubuta "sosegué", don g ɗin ya riƙe sautinsa, domin g da e ta biyo shi kai tsaye yana komawa wani sauti mai kama da ha mai kauri. Idan wani kake kwantar wa hankali, aikatau ɗin yana tafiya shi kaɗai, kamar "sosegar los ánimos", kwantar da zukatan da suka harzuƙa, wanda shi ne aikin mai unguwa idan manomi da makiyayi suka zo gabansa rai a ɓace. Idan kuwa abin da kansa ya lafa, sai a sa masa "se", a ce "el viento se sosegó", iska ta lafa.

Sifarta "sosegado" ce ga namiji, "sosegada" ga mace, kuma a nan Sifaniyanci yana rarrabe abin da Hausa ma take rarrabewa, sai dai ta wata hanyar. "Está sosegado" yana nufin yanzu ya natsu, wataƙila ɗazu a fusace yake. "Es un hombre sosegado" kuwa hali ne, mutum ne natsattse, mai kamala, wanda ba a gane fushinsa a fuska. Za ka kuma riƙa ganin "tono sosegado" da "debate sosegado" a jaridu, musamman idan 'yan siyasa sun yi zafi ana kiran su da su sassauta murya.

Sanin ma'ana bai wadatar ba sai ka san gaban wanda za ka faɗi kalmar, kuma wannan ne abin da ya fi damuna ga ɗalibai. "Sosiego" kalma ce mai rawani. Gidanta rubutu ne, da jawabi, da wa'azi, da sharhin jarida, da bakin dattawa masu ilimi. Idan abokinka ya ruɗe don an zura wa ƙungiyarsa ƙwallo, "tranquilo" za ka ce masa, ko "cálmate". Idan ka ce "sosiégate" zai gane, amma zai ji kamar ka yi masa magana da Hausar fada a wurin mai shayi. Ka ajiye ta ga wasiƙa, da jarrabawar rubutu, da lokacin da kake son maganarka ta yi nauyi. A Meziko dai kalmar ta sauko cikin gida, har ana ce wa yaro mai ƙiriniya "estate sosiego", amma wannan maganar gargajiyar can ce, kada ka kai ta takardar jarrabawa.

Dangantakar kalmar da sarauta tsohuwa ce. Ana ba da labarin Sarki Filib na Biyu, wanda ya mulki Sifaniya daga 1556 zuwa 1598, cewa idan mutum ya shigo gabansa kwarjini ya kama shi, baki ya sarƙe, jiki yana ɓari, sai sarkin ya ce masa kalma ɗaya, "sosegaos", wato natsu. A fadar wancan zamani ana ɗaukar natsuwa alamar girma, babban mutum ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya, ba a ganin ruɗewa a tare da shi. Bakatsine ko Badauri ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin ya ga yadda sarki ke takawa a hankali, ya ga yadda amawali ke rufe baki, ya kuma ga talakan da ya faɗi gaisuwa ya manta abin da ya kawo shi. Darasin da ke cikin labarin ga mai koyo shi ne umarnin natsuwa daga sama yake saukowa. Nahawu ya ba ka "sosiéguese" ga wanda kake kira da "usted", wato "kai" ta girmamawa, amma samuwar siga ba izinin amfani da ita ba ne. Kamar yadda ba za ka dubi mahaifinka ka ce masa natsu ba, sai dai ka ce "Baba, a yi haƙuri", haka ma idan malaminka na jami'a a Madrid ya fusata, ka nemi wata hanyar, ka ce "¿podemos hablarlo con sosiego?", wato ko za mu iya tattauna shi a tsanake. Ka shigar da kanka cikin masu buƙatar natsuwar, sai maganar ta zama roƙo.

Kishiyar kalmar ita ce "desasosiego", kuma tana da amfani ƙwarai. Ba ta kai firgici ba, ba kuma baƙin ciki ba ce. Damuwa ce mai hana zama, irin wadda manomi ke ji idan ya yi shuka, kwana goma sun wuce, hadari yana haɗuwa yana watsewa.

Idan aikinka fassara ne zuwa Hausa, kada ka ɗaure kalmar da kalma ɗaya tak. In maganar zuciya ce, kwanciyar hankali ta fi dacewa. In yadda ake gudanar da aiki ne ko magana, ka ce cikin natsuwa ko a tsanake. In gari ne bayan rikici, ka ce ƙura ta lafa. In hutu ne bayan wahala, sararawa ko sukuni za su ɗauke ta. Kalmar da nake hana ɗalibaina ita ce shiru, domin kusan ko da yaushe tana karkatar da ma'anar.

Hanyar da na ga tana zaunar da kalmar a kai ita ce ta mako guda da ƙaramin littafi. Kowace rana ka buɗe shafin wata jaridar Sifaniya, kamar El País ko Marca ta wasanni, ka rubuta "sosiego" a wurin bincike, ka kwafi jimla ɗaya, sannan a ƙarƙashinta ka rubuta da Hausa abin da ya tayar da hankalin da ake son kwantarwa. Da dare kuma ka gina taka jimlar daga abin da idonka ya gani a ranar, kada ka ƙago abin da ba ka sani ba, domin jimlar da ta fito daga unguwarku ta fi daɗewa a kai. Ka karanta ta da ƙarfi sau uku saboda gaɓar tsakiyar nan.

Ɗalibin da ya kawo jimlar koci ya yi wannan aikin a makon da ya je Daura gaida kakarsa. Da ya dawo ya miƙo mini littafinsa, ya ce, "Malam, a duba mini ta ranar Juma'a." Ya rubuta cewa gidan ya cika da jikoki, ana ta guje-guje a tsakar gida, amma "mi abuela reza con sosiego", kakata tana sallah cikin natsuwa. Kalmar ta zauna daidai inda ya ajiye ta. Abin da kawai na gyara masa shi ne "reza", wadda ya rubuta da s, na kuma nuna masa cewa a Madrid ana furta z ɗin da harshe tsakanin haƙora kamar harafin sa mai ɗigo uku na Larabci, a Meziko kuwa s ce sak.